Wutar Rana A Gida: A Kafa Mata Turke

Malamin gona ne ke gaishe ku. Kun saba jin bakina bisa zancen iri, da taki, da maganin ƙwari. Yau zancen wutar lantarki na kawo. Kada wani ya ce malam ya bar gonarsa ya shiga ta wani. Injin ruwa da firigo da ampul sun zama kayan aikin manomi, kamar hauya da kwashe. Abin da ya shiga hannun manomi kuwa, ya shiga aikina.

Kun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu. Kafin ranar, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga can take zuwa, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai, wanda aka ja tun 1976, da layin Katsina mai biyowa ta Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram. Sai cikin watan Maris na 2024 aka maido ta. A wannan tsakani mai hali ya sayi pano da batir, da akwatin nan mai juya wutar batir ta koma wutar gida. Mu muna ce mata ondila, ƴan uwanmu na Najeriya suna ce mata inbata. Aiki da rana ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1965 aka buɗe ma'aikatar binciken ƙarfin rana, ONERSOL, wadda marigayi Abdou Moumouni ya shugabanta. Amma shigar ondila ɗakin talaka sabon abu ne, kuma ta shigo da gaggawa. An koyi kunna ta, ba a koyi halinta ba.

Abin da na gani da idona

A wani gari na jahar Maraɗi akwai ƙungiyar mata masu aikin gyaɗa, suna yin mai da ƙuli-ƙuli. Ina zagaya su saboda ƴar garkar da suke nomawa bayan mangaza. Suna da layin kamfani, suna da pano da ondila, da firigo na ƙanƙara, da ƙaramin injin da ke tura ruwa daga rijiya zuwa shato. Wata rana shugabarsu ta tare ni da fara'a.

Ta ce: "Malam, wutar rana ta fi ta gari lafiya. In muka sa injin ruwa da wutar gari, nan take abin nan na bango ya faɗi, ko'ina ya yi duhu. In wutar gari ta ɗauke muka koma ta rana, injin ya yi ta aiki har shato ya cika. Yanzu sai mun jira an ɗauke wuta muke jan ruwa."

Na ce: "Hajiya, madalla da dabara."

Haka na ce, kuma har yau ina jin kunyar maganar. Na zauna aji a lise, an koya mini lissafin wuta bisa allo, amma ban gane cewa Hajiya labarin haɗari take ba ni ba.

Bayan kamar mako uku, jikanta, yaro ɗan shekara goma sha uku, ya hau tanon ƙarfe zai canza ampul ɗin mangaza. Ya kashe makunni yadda aka koya masa. Ƙafarsa ba takalmi, ƙasa kuma da danshi don an yi wanke-wanke. Wutar gari ba ta nan, injin ruwa yana aiki. Yatsansa ya taɓa ƙarfen cikin gidan ampul. Wuta ta fizge shi, ya faɗo daga bisa tano. Faɗuwar ce ta raba shi da ita. Ya ƙone a yatsa, ya gurɗe a hannu, Allah ya yi da sauran kwana. Abin nan na bango kuwa, wanda aka sa don ya tsare rai, ko motsi bai yi ba.

Na koma da wani abokina mai gyaran wuta, wanda ya yi makarantar sana'a. Muka kwana biyu a garin. Abin da ya nuna mini shi zan faɗa maka, ɗan uwa, daki-daki. Ka yi haƙuri da ni, sai mun fara daga tushe.

Waya uku

Wuta ba ta tafiya sai ta san hanyar komawa inda ta fito. Shi ya sa kowane ampul ke da waya biyu. Wadda ke kawo wuta sunanta faz, yawanci ja ce, ko baƙa, ko ƙasa-ƙasa. Wadda ke maida ita sunanta netir, shuɗiya ce. Tsakanin su biyu akwai bolt 220. A gidan da aka yi ma aiki mai kyau akwai ta uku, mai launi biyu, kore da ruwan ɗorawa. Sunanta ter, wato wayar ƙasa. Ita ba ta ɗaukar wuta ranar lafiya. Tana haɗa jikin firigo, da jikin inji, da duk wani ƙarfen da hannu ke taɓawa, ta kai su ga wani sandan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, wanda ake ce ma pike.

To me ya sa mutum ke taɓa netir bai ji kome ba, in ya taɓa faz ta kama shi? Ba halittar wayar ba ce. Duka jan ƙarfe ne. In ka je wajen taransfon unguwarku, ka duba potonsa ko na kusa da shi, za ka ga wata waya ta sauko jikin poto ta shige ƙasa. Nan kamfani ya ɗaure netir da ƙasa. Tunda an ɗaure shi da ƙasa, ƙarfinsa da na ƙasar da kake takawa ɗaya ne, babu abin da zai tura wuta ta bi jikinka. Wannan ɗauri shi nake kira turke. Akuyar da ke bisa turke ka san inda take, ka san iyakar igiyarta. Netir ba ya da ladabi don kansa. Turken ne ke riƙe da shi.

Sai abin nan na bango. Sunansa diferansiyal. Za ka gane shi da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T, da rubutun 30 mA a goshinsa. Aikinsa ƙirga ne, kamar makiyayin da ke tsaye bakin garke. Faz da netir duka ta cikinsa suke wucewa. Yana duba wutar da ta fita ta faz, yana duba wadda ta dawo ta netir. In sun yi daidai, ya yi shiru. In wadda ta dawo ta kasa wadda ta fita, ya san wani kashi ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum. Sai ya yanke, cikin ƙasa da rabin sakan.

Me ya sa 30? Ana auna yawan wutar da ke gudu da amper. In aka raba amper guda kashi 1000, kowane kashi miliamper ne. Wajen miliamper 1 mutum ke fara jin tsikari. Wajen 10 hannu ya ƙanƙame waya ya kasa saki. Daga 30 numfashi ya fara tsayawa, in aka wuce nan zuciya ta rikice. Mutumin da ke tsaye ba takalmi bisa ƙasa mai danshi, in bolt 220 ta same shi, abin da zai bi jikinsa yana iya wuce miliamper 100. Ka ga ashe 30 ɗin ba a banza aka zaɓe ta ba.

Amma lura da abu ɗaya, don nan maganar take. Wutar da ta zube cikin ƙasa, sai ta sami wata ƙofar komawa gida wadda ba ta bi ta gaban makiyayi ba, sannan ƙirga zai kasa. Wannan ƙofa ita ce turken. Ta ƙasa wutar ke bi har gindin poto, ta hau wayar nan, ta koma taransfo. In babu turke, babu ƙofa. In babu ƙofa, ƙirgan makiyayi kullum daidai yake, ko da mutum na mutuwa bayan ɗaki.

In wutar gari ta ɗauke

Ondila mai haɗe da layin kamfani, da zarar ta ji wuta ta ɗauke, sai ta raba gidanka da layin. Dole ne ta yi haka. In ba ta yi ba, wutar batirinka za ta fita bisa layi, ta sami ma'aikacin da ya hau poto gyara yana tsammanin babu wuta. Ondila da yawa faz da netir duka suke yankewa. To ka gani: ta yanke netir, turken kuwa yana can gindin poton kamfani. Gidanka ya koma cin wutar da babu ko ɗaya cikin wayoyinta biyu da ke ɗaure da ƙasa. Akuya ta tsinke. Fitila na ci, firigo na sanyi, ba abin da ido zai gani.

Gaskiya ita ce, a wannan hali ɓarnar farko ba ta cika yin kisa ba. In wayar faz ta ɓare ta taɓa ƙarfe, wuta ba ta da hanyar komawa, sai ɗan tsikari. Wannan ne ke ruɗin mutane har suna cewa wutar rana sanyi gare ta. Ɓarnar tana nan kwance, ba wanda ya sani, tana jiran ta biyu.

Ga abin da muka tarar a mangazar matan. Kusu ya ci rigar wayar injin ruwa, daidai inda ta jingina da tiyon ƙarfen da ya shiga ƙasa bakin rijiya. Faz yana taɓa tiyo. Da wutar gari, wutar da ta zube tana bin ƙasa ta koma turken kamfani, diferansiyal ya ga ƙirga ya kasa, ya faɗi. Faɗuwar nan da ke ba Hajiya haushi, gargaɗi ne yake yi mata. Da wutar rana babu turke, sai tiyon nan ya zama turke, amma faz ya ɗaure maimakon netir. Al'amari ya juye. Faz ya koma daidai da ƙasa, netir ya ɗauki bolt 220 a duk faɗin mangaza. Makunni kuwa faz kaɗai yake yankewa. Yaron ya kashe makunni, amma netir yana nan cikin gidan ampul da cikakken ƙarfinsa.

Bi hanyar wutar da yatsanka. Ta fita ondila ta faz, ta wuce gaban diferansiyal, ta je tiyo, ta shiga ƙasa, ta hau tano, ta bi ƙafar yaro har yatsa, ta shiga netir, ta sake wucewa gaban diferansiyal, ta koma ondila. Abin da ya fita shi ya dawo. Makiyayi ya ƙirga, ya ga dabbobinsa sun cika.

Hajiya ta ce ma abokina: "Ɗana, ai duk wata muna danna maɓallin nan, kuma yana faɗuwa, ko da wutar rana."

Ya ce: "Gaskiyarki, Hajiya. Amma maɓallin nan cikin akwatin kaɗai yake gwaji. Yana nuna abin bai mutu ba. Ba ya nuna ko akwai turke."

Ka riƙe wannan da kyau. Maɓallin T yana ɗaukar ƴar wuta daga waya guda ya zuba ta ga ɗayar ta bayan ƙirga, duk cikin cikinsa. Ba ya bi ta ƙasa. Gidan da netir ɗinsa ke sake, maɓallin zai faɗi lafiya lau.

Kada kuma ka dogara ga fis ko ƙananan disjonkter na gida. Su sai wuta mai yawa ƙwarai ta wuce suke yankewa da sauri. Layin kamfani yana da wannan ƙarfi, ƙaramar ondila ba ta da shi. Ran da kake bisa batir, diferansiyal ne babban mai tsaronka.

Ɗauri ɗaya, wuri ɗaya

Maganin a baki gajere ne. In turken kamfani ya tafi, gida ya kafa nasa. Wato a haɗa netir da wayar ter, ita kuma tana haɗe da pike. Ana yin haɗin a bakin fitar ondila, kafin diferansiyal. In aka yi shi bayan diferansiyal an ɓata aiki: ko ya yi ta faɗuwa ba dalili, ko ƙirgansa ya rikice. Da an yi wannan haɗi a mangaza, wutar da ta zube a tiyo za ta bi ƙasa ta zo pike, ta koma ondila ba ta bi gaban diferansiyal ba. Zai faɗi tun ranar farko, kamar yadda yake yi da wutar gari, a nemo inda kusu ya ci.

Wani zai ce: to a sa guntuwar waya a ɗaure su har abada, a huta. A nan masu gyara na gaggawa ke kuskure. In wutar gari ta dawo, turken kamfani ya dawo. Akuya ɗaya, turke biyu. Wutar da ya kamata ta koma ta netir kaɗai sai ta rabu, wani kashi ya bi pikenka ya shiga ƙasa. In babban disjonkter na wajen kwanter yana da diferansiyal a cikinsa, zai yi ta faɗuwa. In ba ya da shi, wutar komawa, har da ta maƙwabta, tana iya riƙa bin wayar ter ɗinka dare da rana. Mafi muni, ran da iska ta tsinka netir a bisa layi, ƙarfin wuta yana iya hawa jikin firigo da duk ƙarfen da ka haɗa da ter. Saboda haka ɗaurin gida na lokacin ɗaukewar wuta ne. Wuta ta dawo, a kwance shi.

Hannun mutum ba ya iya wannan ɗauri da kwancewa, don wuta ba ta sallama in za ta tafi. Wani ɗan makunni mai aiki da kansa ke yi, sunansa rele. Wasu ondila da shi aka ƙera su a ciki: suna raba gida da layi, su ɗaure netir da ter, in layi ya dawo su kwance kafin su haɗa. Wasu suna da shi amma sai an shiga tsarinsu an kunna. Wasu ba su da shi, sai dai ƴan bakin waya biyu da ke ba da alama, mai gyara ya sa rele na waje, wanda suke kira kontakter. Akwai kuma waɗanda ba su yanke netir sam, faz kaɗai suke yankewa. Su suna cin moriyar turken kamfani ko wuta ta ɗauke, muddin wayar layi ba ta tsinke ba kuma ba a sauke babban disjonkter ba. Irin waɗannan ba a ƙara masu ɗauri kai tsaye. Da ido ba ka bambanta su, duk akwati ne mai fitila kore. Takardar da ta zo cikin kwalin ita ke faɗa. Kada ka bari yara su yi wasa da ita, kada a ƙunsa ƙuli-ƙuli a ciki. In da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta, kai ma malamin makaranta ya karanta maku kai da mai gyara.

Kai da ke ƙauyen da layi bai kai ba, naka ya fi sauƙi. Ba ka da turken kamfani ko da rana ko da dare, don haka naka na dindindin ne: haɗi guda a bakin ondila, da pike, da diferansiyal. Haka wanda ondilarsa ba ta haɗe da layi, yana canzawa da hannu tsakanin wutar gari da ta rana. Shi makunnin canjinsa ya zama mai yanke waya biyu, faz da netir, ɗaurin kuma ya zauna ta gefen ondila. Wanda ke yanke faz kaɗai bai isa ba. Masu ɗaukar waya mai kai biyu su cusa wutar ondila cikin priz ɗin bango kuwa, wannan ba dabara ba ce, ganganci ne da ran mutane. A daina.

Gargaɗi guda game da ƙananan ondila masu araha, irin waɗanda ake maƙala ma batir da ƴan kunnuwa biyu. Da yawansu ba su da netir na gaskiya. Kowace waya cikin biyun tana ɗauke da rabin ƙarfi, wajen bolt 110. In ka ɗaure ɗaya da ƙasa, wasu nan take suke ƙonewa. Irin wannan a sa mata abu guda a bakinta, rediyo ko cajin salula. Ba a jan wutar gida duka da ita. Araha ba ta ado. Su pano kuma, firam ɗinsu na ƙarfe ake haɗawa da ter. Wayoyinsu biyu masu zuwa ondila ba a ɗaure ko ɗaya da ƙasa sai in takarda ta ce a yi.

Pike a ƙasar rairayi

Nan aikina da na mai gyaran wuta suka haɗu, don zancen ƙasa ne. Busasshen rairayi ba ya son wuce da wuta. Laka mai danshi tana so. Piken da muka tono a mangaza guntun ƙarfen gini ne, bai kai kamu biyu ba, ya yi tsatsa, an soka shi cikin jigawa gindin bango inda ruwa bai taɓa zuwa ba. Sunan pike gare shi, ba aikin pike ba.

Pike na ƙwarai sanda ne mai rigar jan ƙarfe, ko ƙarfen da aka yi ma rigar hana tsatsa, a kafa shi ya nutse wajen mita 2. A zaɓi inda ƙasa ke riƙe sanyi: inuwa, gefen da ruwan wanka ko na alwala ke bi, kusa da garka. Kai manomi ka fi kowa sanin inda danshi ke kwana a gidanka, kai za ka nuna ma mai gyara. In guda bai isa ba a ƙara na biyu da na uku, a ba su tazara aƙalla tsawon sanda guda, a haɗa su da waya mai kauri. Wayar da ke zuwa pike ta jan ƙarfe ce, mai lamba 16, a matse ta da maƙalli mai kusa, ba a naɗa ta da hannu kamar igiyar guga ba. A bar wurin haɗin inda za a iya buɗewa a duba.

Ana auna kyan pike da wani awo mai suna om. In lambar ta yi ƙasa, piken ya yi kyau. Dokar aikin wuta ta Faransa, wadda masu gyaranmu da yawa suka koya, ta ce gidan da babban disjonkter ɗinsa ke da 500 mA, kada pikensa ya wuce om 100. Ni shawarata a yi awon cikin bazara, watan Maris ko Afrilu. Piken da aka auna cikin Agusta, ƙasa na jiƙe, kowane iri ne zai ci jarrabawa. Na ga masu zuba gawayi da gishiri cikin ramin. Gishiri yana saukar da lambar ranar da aka zuba, amma yana cin ƙarfen, damina biyu ko uku kuma ruwa ya wanke shi. Gara ƙarin sanda, da bokitin ruwa lokaci-lokaci in rani ya tsananta.

Abin da za ka sa a gwada gabanka

Ban rubuta wannan don ka ɗauki sukundireba ka buɗe akwati ba. Ko kusa. Na rubuta don ran da mai gyara ya ce ya gama, ka san abin da za ka tambaya kafin ka biya. Ce masa: maigida, in wutar gari ta ɗauke, ina netir ke ɗaure da ter? Ya nuna maka da yatsa, ko cikin takarda. In ya ce ba kome, ai wutar sola ba ta kamu, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Sannan ya sauke babban disjonkter, gida ya koma bisa batir, ya sa abin awonsa cikin priz. Tsakanin faz da ter ya kamata a ga wajen 220. Tsakanin netir da ter a ga sifiri ko kusa da shi. Kai ma ka leƙa, ai don irin wannan rana ka yi yaƙi da jahilci. In ka ga 110 nan, 110 can, ko lambobi suna ta yawo, netir a sake yake. Bayan haka ya gwada diferansiyal da abin gwaji na gaske, wanda ke zuba ƴar wuta daga faz zuwa ter. Ya faɗi da wutar batir, a maida wutar gari ya sake faɗuwa. Sau biyu ke nan. Gwaji ɗaya rabin aiki ne.

A gida kuma akwai alamun da ba su son abin awo. Firigo ko ƙofar ƙarfe mai tsikarin hannu in an koma batir. Ampul mai ɗan haske bayan an kashe makunni. Da babbar alama, wadda ni na ji da kunnena na ce madalla: kayan da ke kada diferansiyal da wutar gari amma ya yi aiki lafiya da wutar rana. Wannan kaya yana da ɓarna. A cire shi daga priz yau, ba gobe ba.

In wuta ta kama mutum, kada ka kama shi, ku zama biyu. Ka tuna gidan mai ondila ƙofar wuta biyu gare shi. Sauke disjonkter na wajen kwanter ba ya kashe wutar, sai ma ya sa ondila ta karɓa. A kashe ondila kanta. Kowa a gidan, har mata da manyan yara, ya san inda makunninta yake, kuma kada a jibga buhunan hatsi gabanta. In makunni ya yi nisa, a ture mutumin da busasshen icce, kana tsaye bisa busasshen wuri da takalmin roba. A kai shi gidan likita ko ya ce ya warke, don wuta tana taɓa zuciya ba a gani daga waje.

Ondilar matan nan, da muka karanta takardarta, mai ba da alama ce. Abokina ya sa mata kontakter, ya canza wayar injin ruwa ya sa ta cikin tiyon roba, ya ja ma injin wayar ter, ya kafa pike biyu bakin magudanar da suke wanke gyaɗa. Kuɗin duka bai kai na batir guda ba. Da ya gwada bisa batir, diferansiyal ya faɗi, mangaza ta yi duhu, Hajiya ta yi guɗa. Cikin Oktoba aka yi aikin, ƙasa da sauran danshi, don haka na rubuta cikin littafin zagayena mu koma da abin awo cikin Afrilu.

Wanda ke da tambaya bisa wannan magana ya rubuto ta hannun ƙungiyar masu sauraren rediyo ta garinsu. Ya faɗi sunan da ke rubuce jikin ondilarsa, da lambar da ke ƙarƙashin sunan, ya kuma faɗi ko gidansa na da layin kamfani ko babu.